ƊINKE ƁARAKAR ƘASA BAYAN YAƘI DA BAUTA: ABIN DA ZARIYA TA GANI

Gabatarwa



Duk wanda ya taso daga Samaru ya nufi birnin Zariya, zai bi ta Kwangila, ya ratsa gefen Sabon Gari, ya ƙetare gadar Kubanni, ya wuce Tudun Wada, sa'an nan ya shiga ganuwa ta Ƙofar Doka. Tafiya ce ta 'yan mil kaɗan, amma a cikinta mutum yakan ratsa tarihin manyan raunuka biyu da ƙasar nan ta ji a ƙarni na 20. Na farko shi ne bauta da yadda ta ƙare, tsakanin 1901 da 1936. Na biyu shi ne rikicin 1966 da yaƙin basasan da ya biyo bayansa, daga 1967 zuwa 1970. Kowanne daga cikin biyun ya raba jama'a gida biyu, kuma bayan kowanne an yi ƙoƙarin mayar da su al'umma ɗaya.

Maganar da wannan lacca za ta tsaya a kanta guda ɗaya ce. Sanarwar hukuma tana iya tsayar da yaƙi, ko ta soke bauta, a rana ɗaya. Amma abin da ke haɗa mutane bayan sanarwar shi ne mayar wa mai rauni haƙƙinsa. Ana iya auna wannan da ma'auni uku. Na ɗaya shi ne jini, watau ko an hana ramuwar gayya. Na biyu shi ne dukiya, watau ko mutum ya sami gida da gona da sana'ar da zai tsaya a kansu. Na uku shi ne mutunci, watau ko an karɓe shi a matsayin ɗan gari, daidai da kowa. Za a fara da ƙasar Amurka, inda yaƙin basasa da ƙarshen bauta suka zo tare, don a ga yadda ma'aunan ke aiki, sa'an nan a komo gida.

Abin da ya faru a Amurka

An yi yaƙin basasan Amurka daga 1861 zuwa 1865, bayan da jihohi 11 na Kudu suka ɓalle don kare bauta, wadda a kanta noman audugarsu ya dogara. Mutane fiye da 600,000 suka halaka, kuma bayi wajen miliyan 4 suka sami 'yanci. Ranar 9 ga Afrilu 1865 Janar Lee na Kudu ya miƙa wuya ga Janar Grant, aka bar sojojinsa suka koma gida ba tare da an tsare su ba. Kwana 5 bayan haka aka harbe Shugaba Abraham Lincoln, aikin sulhu ya faɗa hannun mataimakinsa, Andrew Johnson.

A kan takarda an yi abin a zo a gani. An yi wa tsarin mulki gyara sau uku: na 1865 ya haramta bauta, na 1868 ya mai da duk wanda aka haifa a ƙasar cikakken ɗan ƙasa, na 1870 kuwa ya hana a tauye wa mutum ƙuri'a saboda launin fatarsa. An kafa hukumar kula da 'yantattun bayi a 1865, ta buɗe makarantu da asibitoci. A 1870 wani baƙar fata, Hiram Revels, ya shiga Majalisar Dattijai daga jihar Misisipi.

To, amma a wajen gona aka sami tangarɗa. A watan Janairu 1865 Janar Sherman ya ba da umarnin a yanka wa iyalan 'yantattu gonaki na eka 40 a bakin tekun Karolina ta Kudu da Jojiya. Kafin shekarar ta ƙare Shugaba Johnson ya sa an mayar da yawancin filayen ga tsofaffin iyayengiji. 'Yantacce ya wayi gari ba shi da ko taƙi ɗaya, tilas ya koma noma gonar wanda ya mallake shi jiya, a raba amfanin, bashi yana bin bashi. Ƙungiyoyin ta'adda irin su Ku Klux Klan suka shiga kisa da ƙone-ƙone don hana baƙaƙe zaɓe. A 1872 aka yi wa kusan dukan tsofaffin 'yan tawaye afuwa, aka kuma rufe hukumar 'yantattu a wannan shekarar. A 1877 gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga harkokin Kudu, a 1896 kuma Kotun Ƙoli ta halatta wariyar launin fata. Sai a 1964 da 1965, shekara 100 bayan yaƙin, aka yi dokokin da suka tabbatar wa baƙaƙe haƙƙinsu na zama da na zaɓe.

Abin lura a nan shi ne, farar fatar Arewa da farar fatar Kudu sun shirya da juna cikin shekara 12, amma sun yi shirin ne a kan gadon bayan waɗanda saboda su aka yi yaƙin. An ci ma'aunin farko tsakanin mayaƙa, an faɗi na biyu da na uku. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Yadda bauta ta mutu a Zazzau

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Lokacin da Turawa suka ci Daular Usmaniyya, masana tarihi sun ƙiyasta akwai bayi tsakanin miliyan 1 da miliyan 2 da rabi a cikinta. Zazzau tana cikin masarautun da bayi suka fi yawa, domin ita ce ke iyaka da ƙabilun kudu waɗanda ake kai wa hari, ko ake karɓar bayi daga gare su a matsayin gaisuwa. Sarakai da attajirai suna da rumada, watau ƙauyukan bayi, inda bawa ke noma gandun ubangijinsa wani sashe na yini, sa'an nan ya juya ga gayaunarsa. Ɗan da aka haifa cikin bauta shi ake kira dimajo ko bacucane. Al'ada ta hana a sayar da shi, amma ba ta mai da shi ɗa ba.

Turawa sun shigo Zariya a 1902, suka tuɓe Sarki Kwasau, aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903. Tun kafin nan Gwamna Lugga ya yi shelar 1901, wadda ta haramta hari da cinikin bayi, ta kuma ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne. Amma shelar ba ta 'yanta manya ba. Lugga yana tsoron kada gandaye su mutu, haraji ya faɗi, sarakunan da yake mulki ta hannunsu su juya masa baya. Saboda haka aka riƙa hana bayin da suka gudu samun gona ko wurin zama kusa da bariki, aka ce wanda ke son 'yanci ya bi ta kotun alƙali, ya yi murgu, ya tara kuɗi, ya fanshi kansa. Watau a nan bawa ne ya biya diyyar 'yancinsa da guminsa. Duk da haka dubban bayi sun gudu a shekarun farko, wasu suka koma garuruwansu, wasu suka shiga aikin reluwe da haƙar kuza a Jos. Sai a 1936 aka yi dokar da ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Wannan jinkiri na shekara 35 shi ya sa masana biyu, Lovejoy da Hogendorn, suka siffanta al'amarin da mutuwar sannu a hankali a littafinsu na 1993.

Akwai shaidar gani da ido. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, ta girma ne a gidan masu rinji, kuma ta ba da labarin yadda bayinsu suka watse bayan zuwan Turawa, wasu suka tafi, wasu suka zauna suka zama kamar dangi.

In aka ɗora wannan a kan ma'aunan uku, za a ga ba a zubar da jini irin na Amurka ba. A wajen dukiya ma abin ya zo da sauƙi, domin ƙasa tana da faɗi, kuma dokar filaye ta 1910 ta sa ƙasar Arewa duka a hannun hukuma, ta hana a sami iyayengiji masu mallakar dubban eka da takarda. Zuriyar bayi da yawa sun narke cikin Hausawa ta hanyar addini da harshe da auratayya, rumada suka zama ƙauyuka kamar kowane ƙauye. Inda aka bar baya da ƙura shi ne wajen mutunci. An daɗe ana tonon asali in an zo neman aure ko sarauta. Mafi girma kuma, al'ummomin kudancin Zariya, waɗanda kakanninsu suka sha hari, an bar da yawansu ƙarƙashin hakiman da ake turowa daga birni har bayan mulkin kai. Ba a taɓa zama an yi maganar wannan tarihi a fili ba. Ya ci gaba da ruruwa a ƙarƙashin toka, ya haɗu da rigimar fili da kasuwa da addini, har ya fito a Kafanchan a 1987 da Zangon Kataf a 1992. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka ba Atyap da Bajju masarautunsu.

Sabon Gari kafin guguwa

Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, kuma tare da shi aka sami Sabon Gari. Turawa sun yanka shi ne don akawuna da leburori da 'yan kasuwa baƙi, suka ware shi daga birni, da farko ma ba a ƙarƙashin Sarki yake ba. Manufarsu ita ce kowa ya zauna a nasa akurki: Bature a bariki, Bazazzagi a cikin ganuwa, baƙon Arewa a Tudun Wada, mutumin Kudu a Sabon Gari. Amma ciniki bai san wannan iyaka ba. Ibo da Yarbawa da Nufawa da Hausawa da mutanen Gana da Saliyo suka cakuɗu a layi ɗaya, kasuwa ɗaya, Hausa ta zama harshen kowa. A wannan unguwa Hajiya Gambo Sawaba ta tashi, mahaifinta mutumin Gana ma'aikacin reluwe, mahaifiyarta Banufiya, ta zama shugabar matan NEPU, jam'iyyar da ta yi ƙawance da NCNC ta Dokta Azikiwe.

Samaru ma haka take. An kafa tashar binciken aikin gona a 1922, daga baya Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta zo, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba 1962. A wannan kwaleji ne, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, wadda ta sauya fuskar zane a Nijeriya baki ɗaya.

Yana da kyau ɗalibai su san yadda manyan 'yan wasan wannan tarihi suke a sarƙe da juna. An haifi Azikiwe a Zungeru a 1904, an haifi Ojukwu a Zungerun a 1933. Manjo Nzeogwu haifaffen Kaduna ne, har ana kiransa da sunan garin. Janar Gowon a Wusasa ya girma, ya yi karatu a Kwalejin Barewa. A can Gabas kuwa, magajin garin Inugu na farko Bafillace ne daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine. Waɗanda suka yi faɗan nan 'yan gida ɗaya ne, kuma wannan ya ƙara wa raunin zafi, ya kuma sauƙaƙa ɗinkinsa.

Shekarar 1966 da yaƙi

Ranar 15 ga Janairu 1966 wasu hafsoshi, yawancinsu Ibo, suka kashe Sardauna Sir Ahmadu Bello da Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Cif Akintola da manyan sojojin Arewa irin su Birgediya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Janar Ironsi ya karɓi mulki, bai gurfanar da masu laifin ba. Ranar 24 ga Mayu ya fitar da Doka ta 34, wadda ta rushe jihohi ta haɗe aikin gwamnati wuri ɗaya. Ma'aikatan Arewa da ɗalibai suka ga kamar an zo ƙwace musu guraben aiki. Zanga-zangar da aka fara a ƙarshen Mayu, wadda ɗaliban Zariya suna cikin na gaba-gabanta, ta rikiɗe ta zama kisa a Sabon Garin Zariya da Kano da sauran garuruwa, ana ihun a raba. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi nasu juyin mulki, aka kashe Ironsi da hafsoshin Gabas da dama. A Satumba da Oktoba aka yi kisa mafi muni. Dubban mutanen Gabas suka mutu, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, fiye da miliyan 1 suka gudu. An kashe 'yan Arewa a Gabas su ma. An sami sarakuna da malamai da maƙwabta da suka ɓoye baƙi a gidajensu, suka raka su tasha, amma wannan bai wanke abin da aka yi ba. Wajibi ne jami'a ta riƙa tuna cewa masu ilmi suna cikin waɗanda suka kunna ashanar, ko da ba su ne suka ɗauki adda ba.

Tashar jirgin da ta kawo mutanen Sabon Gari ita ce ta kwashe su. Rumfuna suka zama kango, ofisoshin reluwe da gidan waya suka rasa ma'aikata, jami'a ta rasa malamai da ɗalibai.

Taron Aburi na ƙasar Gana a Janairu 1967 bai haifar da ɗa mai ido ba. Ranar 27 ga Mayu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, ranar 30 ga Mayu Ojukwu ya yi shelar Biyafara, ranar 6 ga Yuli aka fara harbi. An yi wata 30 ana yaƙi. Barikin horar da kurata na Zariya ya yi ta yaye samari ana tura su bakin daga, da yawa ba su komo ba. A Asaba, cikin Oktoba 1967, sojojin tarayya sun kashe ɗaruruwan fararen hula. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan 2 ko fiye, akasarinsu yara da mata waɗanda yunwa ta kashe a cikin yankin da aka yi wa ƙawanya.

Komowa

Ranar 15 ga Janairu 1970 Janar Philip Effiong ya miƙa wuya a Barikin Dodan, bayan Ojukwu ya fice zuwa Kwaddibuwa. Duniya ta zuba ido tana jiran kisan kiyashi. Gowon ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci, ya yi afuwa ga jama'a, ya kuma shata manufofi uku: sasantawa, sake gini, da tsugunar da waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita. Ba a kafa kotun hukunta 'yan tawaye ba, ba a rataye kowa ba. An mayar da dubban ma'aikata bakin aikinsu, an gyara gadar Anaca, an sake buɗe jami'ar Nsukka. A ma'aunin jini, Nijeriya ta yi abin da ƙasashe kaɗan suka taɓa yi.

A ma'aunin dukiya kuwa, Sabon Gari yana da abin da zai nuna. Tun ana cikin yaƙi gwamnatocin jihohin Arewa suka sa kwamitoci su kula da gidajen da aka gudu aka bari, ana ba da su haya, ana rubuta abin da aka karɓa. Wasu gidajen kuma maƙwabta da abokan ciniki ne suka riƙe su amana. Da masu su suka fara komowa a 1970, a Zariya da Kano da Kaduna da Jos, galibinsu sun karɓi gidajensu, da yawa har da kuɗin hayar da aka tara. Mutumin da ya sauka a tasha da ɗan ƙunshin tsumma, ya tarar da ɗakinsa da ɗan jarin da zai soma da shi, ba ya bukatar a yi masa dogon jawabi kan haɗin kan ƙasa. Cikin 'yan shekaru kasuwar Sabon Gari ta sake cika, masu sayar da kayan mota da kayan gini da magunguna suka koma rumfunansu, ɗaliban Gabas suka dawo Samaru da Kongo.

A nan ne ma'aikacin gwamnati ya kamata ya ga kansa. Akawun da ya riƙe littafin haya shekara 3 bai ci ba, bai ɓatar da fayil ba, ya yi wa ƙasar nan aikin da bataliya guda ba za ta iya ba. Ba a san sunayen irin waɗannan mutane ba, ba a kuma rataya musu lambar girma ba.

Gwamnati ta biyo baya da wasu dabaru. Ranar 22 ga Mayu 1973 aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima, wanda ke tura mai digiri wata jiha da ba tasa ba. A shekarar aka fara gasar wasanni ta ƙasa, aka kuma yawaita kwalejojin gwamnatin tarayya. A 1976 aka yanke shawarar gina sabon babban birni a Abuja, tsakiyar ƙasa. A 1979, shekara 9 kacal bayan yaƙi, Dokta Alex Ekwueme ya zama mataimakin Shugaba Shehu Shagari, a 1982 kuma Shagari ya yi wa Ojukwu afuwa ya komo gida.

Inda aka gaza

Ba a yi adalci ga tarihi ba in aka tsaya a nan. Dokar banki ta 1970 ta ba wanda ya kawo kuɗin Biyafara, ko wanda aka yi hulɗa da ajiyarsa a yankin lokacin yaƙi, fam 20 kacal, komai yawan abin da yake da shi. Shekara 2 bayan haka, a 1972, aka fitar da dokar mayar da kamfanonin baƙi hannun 'yan ƙasa, aka sayar da hannun jari a lokacin da mutanen Gabas ba su da abin saye. A Fatakwal an ƙi mayar da gidaje masu yawa, aka ce dukiya ce da aka yasar, aka sayar wa waɗansu; har yau ana jin zafin wannan. Hafsoshin da aka kora sai a 2000 Shugaba Obasanjo ya mai da korarsu ritaya. Sai a 2010 wani Ibo, Janar Ihejirika, ya sake zama shugaban rundunar sojan ƙasa. Ba a yi shari'ar kisan Janairu 1966 ba, ba a yi ta Mayu da Satumba ba, ba a yi ta Asaba ba. An zaɓi a yi shiru, shirun ya taimaka a shekarun farko, amma ya bar kowane ɓangare yana koya wa 'ya'yansa rabin labari. Kwamitin Mai Shari'a Oputa, wanda aka kafa a 1999, ya saurari koke-koke, amma gwamnati ba ta fitar da rahotonsa a hukumance ba.

Babban gurbin da ya rage shi ne na mutunci, kuma a nan ne raunukan biyu suka haɗu. Tsarin mulkin 1979 ya kawo ƙa'idar raba muƙamai tsakanin jihohi, da kyakkyawar niyya, amma ya ɗaura ta a kan asalin iyaye. Sakamakon haka, yaron da aka haifa a Sabon Gari, aka haifi ubansa a Sabon Gari, wanda Hausa ta fi zama a bakinsa fiye da harshen kakanninsa, in ya zo neman gurbin karatu ko aiki sai a ce ya tafi wani gari da bai sani ba ya karɓo takardar shaidar asali. Haka ake yi wa Bahaushen da aka haifa a unguwar Hausawa ta Owerri, ko a Jos, ko a Kafanchan. Tambayar da ake yi wa jikan dimajo jiya, watau ɗan wane ne, ita ce ake yi wa ɗan Sabon Gari yau, sai dai yanzu da hatimin ƙaramar hukuma. Duk lokacin da rikici ya tashi, kamar a 1987 da 2011, sai a ga mutane sun sake ɗaure kaya, unguwanni suna ƙara rarrabuwa bisa addini.

Kammalawa

Waiwaye adon tafiya. Amurka ta rubuta dokoki masu kyau ta hana gona, ta biya da shekara 100. Zazzau ta ba 'yantacce gona ta bar shi da tabon asali, ta kuma bar kudancinta da ƙorafin da ba a saurara ba. Nijeriya ta 1970 ta hana ramuwa, a Sabon Gari an mayar da gidaje, amma an tauye a wajen kuɗi, an kuma bar maganar wane ne ɗan gari a buɗe. A duk wuraren uku, gwargwadon haƙƙin da aka mayar, gwargwadon zaman lafiyar da aka samu.

Saboda haka akwai aiki a gaban ɓangarori biyu na masu sauraro. Ɗalibai, musamman na tarihi da shari'a da harsuna, suna zaune ne a tsakiyar shaidu. Waɗanda suka ga 1966 da idonsu sun tsufa, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, a Sabon Gari da Tudun Wada da Wusasa da cikin birni. Ya kamata a je a zauna da su, Hausawa da Ibo da Yarbawa da mutanen kudancin Kaduna, a rubuta abin da suka gani, mai daɗi da marar daɗi, a haɗa da abin da ke cikin ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna, don 'yan baya su sami labarin a cike. Ma'aikata kuwa su sani cewa haɗin kan ƙasa yana ratsawa ta kan teburinsu kowace safiya: takardar fili, rabon rumfar kasuwa, gurbin makaranta, fanshon gwauruwa. Duk wanda ya zo gaban tebur aka duba haƙƙinsa ba a tambayi garin kakansa ba, an ƙara ɗinki ɗaya a wannan ɓaraka. Masu yin doka kuma lokaci ya yi da za su duba yadda haihuwa da daɗewar zama da biyan haraji za su ba mutum matsayin ɗan gari a inda yake.

Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Mutanen da suka riƙe makullan maƙwabtansu daga 1966 zuwa 1970 sun nuna cewa zaman lafiyar yana da farashi, kuma farashinsa riƙon amana ne. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu ta kowane ɓangare, ya zaunar da ƙasar nan lafiya, amin.